A Rushe Ɗakin Kaka Ya'u Kafin Juma'ar Jannatu

Daga:
Luba Junaidu, matar marigayi Abdulmuhaimin mahauci,
Layin masu kayan yaji, Kasuwar Dembé,
N'Djamena.
Ta hannun ƙanenta, Shu'aibu Junaidu.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Tsafta da Lafiyar Jama'a,
Ofishin Gunduma mai kula da unguwar Goudji,
N'Djamena.

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN MALAM ILYASU YA'AKUBU NA GOUDJI, DA ƊAKIN DA YAKE KWANTAR DA MATA MASU CIKI ALHALI YA SAN AKWAI KASKA MAI SA ZAZZAƁI A CIKINSA

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, da addu'ar Allah ya taya ka riƙo, ina neman izinin gabatar da ƙorafin yayata, Luba Junaidu, mai shekara hamsin da huɗu. Ni ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon magatakardan ƙungiyar dillalan shanu. Hannu nawa ne, amma maganar tata ce. Ta zaunar da ni ta faɗa, na rubuta, na karanta mata, duk inda na sassauta ta sa na mayar yadda ta faɗa. Na haɗo da fassarar Faransanci saboda ƙa'idar ofis, sai dai an shaida mana kana jin Hausa ta wajen mahaifiyarka, don haka muke roƙon ka karanta wannan ɗin, domin Faransancina ya cika ladabi.

Ga maganar a dunƙule. A gidan Malam Ilyasu Ya'akubu akwai wani ɗaki da ya ci 'yar Luba ta fari, Na'ima, ita da jaririnta. Ranar Juma'a 24 ga wannan wata za a shigar da ƙanwarta Jannatu cikin ɗakin nan da cikin wata bakwai. Jannatu ce kaɗai ta rage wa Luba. Ga yadda abin yake daki-daki.

1. Mutanen gidan nan jikokin wani bawan Allah ne, Malam Ya'akubu, wanda suke kira Kaka Ya'u. Ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa da niyyar zuwa Makka tun zamanin da ake kiran garin nan Fort-Lamy. Da ayarinsu ya iso nan sai naƙuda ta kama matarsa, ya tsaya ya tayar mata da ɗaki guda na ƙasa, ya ce da ta yi arba'in za su ɗaura kaya. Ba su ɗaura ba. A nan ya tsufa, a nan aka binne shi. Sandarsa da salkarsa har yau suna rataye a ƙofar ɗakin. Jikokinsa kuwa sun ɗauki kansu matafiya ne da suka yada zango, ba mazauna ba. Daga nan suka kafa al'adu biyu. Ta farko, ba a yi wa ɗakin nan siminti, ba a sake masa yaɓe, ba a toshe masa rami, wai siminti na wanda ya iso ne, su kuwa suna kan hanya. Ta biyu, duk matar da aka auro gidan, in ta samu cikin fari ba ta zuwa goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda kowa yake yi. Daga wata bakwai sai a kai ta ɗakin Kaka, ta kwana a kan tabarma a daɓen ƙasa har ta haihu ta yi arba'in, domin a ce an haifi yaron a kan hanyar Makka, ya samu ladan niyya. Mai ƙorafi ba ta da ja da marigayin. Allah ya karɓi niyyarsa. Da wanda ya gaje makullin take.

2. Wanda ya gaji makullin shi ne Malam Ilyasu, jikan marigayin, babban gidan a yanzu. Ya kamata mai girma ya san irin tafiyar da wannan matafiyi yake yi. Shekararsa saba'in da 'yan kai, kuma iyakar saninmu bai taɓa wuce garin Massaguet da ke nan kusa ba. Kowace shekara jiragen alhazai suna tashi su bi ta saman gidansa, ya ɗaga kai ya yi musu addu'a ya koma kan buzunsa. Sashensa na bulo ne, ƙasansa tayil, da fanka. Shagunan da ya fitar a jikin katanga duk na siminti ne. Ɗaki ɗaya tak ya bari a kan hanya, kuma ba shi ke kwana a ciki ba. 'Ya'yan mutane ne suke yi masa tafiyar.

3. Tun da daɗewa matan gidan sun san cewa wadda ta shiga ɗakin nan, ba ta rufa mako biyu sai zazzaɓi ya kayar da ita. Ya yi 'yan kwanaki, ta haɗa gumi sharkaf, ya sake ta kamar an cire ƙaya. Ta tashi ta yi shara ta yi wanki. Bayan kamar mako guda ya dawo. Wannan zazzaɓi har suna suka sa masa, suna kiransa gaisuwar Kaka. Wai tsohon ne yake zuwa ya duba baƙuwarsa, ya tafi, ya komo. Wadda aka gaisar sau uku ko huɗu sai a yi mata barka, a ce ɗanta zai yi albarka. Wadda cikinta ya zube kuwa, ko ta haifi ɗan bai zo da rai ba, sai a yi ƙus-ƙus a ce da zuciya biyu ta shiga. Luba ta bi tsofaffin gidan da tambaya bayan abin da ya faru, ta samu sunayen mata biyar da suka fito daga ɗakin nan hannu wofi, da guda biyu da aka fito da su a makara. Za ta faɗi sunayen a gabanka in an buƙata.

4. A shekarar 2023 Luba ta aurar da 'ya'yanta biyu rana ɗaya a gidan nan. Na'ima ga Salim, Jannatu ga Imrana, duka biyun 'ya'yan ƙanen Malam Ilyasu ne, mahaifinsu ya rasu, shi ne uba a gare su. Ta yi murna a lokacin, tana cewa ko ba komai za su riƙa ɗebe wa juna kewa. Na'ima ce ta fara samun ciki. Luba ta aika a ba ta 'yarta ta yi goyon ciki, har ta share ɗaki ta sayi itacen wanka. Aka mayar mata da amsa cewa gidan nan ba haka ake yi ba. Ranar Juma'a 1 ga Maris, 2024, bayan an sauko daga masallaci, aka kai Na'ima ɗakin Kaka. Shekararta ashirin da ɗaya. Yarinya ce mai dariya da yawa, har mahaifinta yakan ce wata rana sai ƙuda ya faɗa mata a baki. Ranar ma da dariya ta shiga.

5. Ana gab da ganin watan azumi zazzaɓi ya kama ta, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, haƙoranta suna karo a tsakiyar zafin nan na bazara. Salim ya je farmasi ya karɓo mata maganin palu, wato zazzaɓin sauro. Bayan kwana uku ta miƙe, kowa ya ce magani ya yi. Matan gida suka yi mata barkar gaisuwa ta farko. Da ya dawo karo na biyu ya fi na farko, aka sake sayo maganin palu, ta sake miƙewa, aka sake yi mata barka. Luba ta je dubiya ta tarar da 'yarta ta zabge, idanu sun faɗa, ga wasu 'yan jajayen tabo a ƙugu da ƙafafu. Ta nemi a bari ta kai ta asibiti. Malam Ilyasu ya aiko mata daga zaure cewa ba a fita daga ɗakin Kaka sai da goyo, kuma ta yi haƙuri, mahauta ba su san irin waɗannan abubuwa ba.

6. Ranar Talata 2 ga Afrilu zazzaɓin ya dawo karo na uku. Jannatu ce ta saci jiki ta buga wa uwarsu waya. Luba ta bar rumfarta a buɗe, ta hau kilando, wato acaɓa, ta shiga gidan nan ba sallama. Ta samu Na'ima ba ta gane mutane, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, jini yana fita ta hanci. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta goya ta a baya, mace da cikin wata takwas, kamar yadda ta goya ta tana jaririya, ta ratsa zauren da ita ta gaban Malam Ilyasu, shi kuwa yana jan carbi bai ɗaga kai ba. A asibiti wata likita, Dakta A'isha Humaira, ta ce a ɗebi jinin a take tun jikin yana da zafi. Gwajin palu bai nuna komai ba. Da aka duba a madubin asibiti sai ga wasu ƙwayoyin cuta sirara, murɗaɗɗu kamar zaren da aka warware daga tabarma. Likitar ta ce sunan ciwon zazzaɓi mai komowa, kuma kaska ce ke sa shi. Ta ce maganinsa ba ɓoyayye ba ne, yana nan a kowane farmasi, har da irin wanda ake ba masu ciki, da a ce a karon farko aka zo. An yi iyakar ƙoƙari, mai ƙorafi ta shaida haka. Washegari Na'ima ta haifi ɗa namiji. Ya yi kuka sau ɗaya ƙasa-ƙasa, na yi masa huɗuba da bakina, bai kai la'asar ba. Ita kuma jini ya ƙi tsayawa. Ranar Juma'a 5 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi, ta cika a kan cinyar uwarta, ba tare da ta san ta haihu ba.

7. Wannan sakin layin Luba ta sa na karanta mata shi sau uku. Ranar sadakar uku, a gaban maza sun fi arba'in, ina zaune a tabarma ta biyu, Malam Ilyasu ya gyara murya bayan addu'a ya ce ɗakin Kaka bai taɓa cutar da wadda ta shige shi da zuciya ɗaya ba. Ya ce akwai gidajen da 'ya'yansu suke tashi suna ganin jini kullum, zuciyarsu takan bushe, albarka ba ta kama ta. Ya ƙara da cewa da an bar yarinyar inda take da ta tashi, fitar da ita da aka yi ne ya karya alkawari. Wato 'yar ta mutu da laifinta, uwar kuma ita ta kashe ta. Babu wanda ya tanka, har da ni, har da Salim. Kafin magariba maganar ta isa cikin gida wajen mata. Luba ba ta yi kuka ba da ta ji. Tun daga ranar ban sake ganin hawayenta ba, kuma wannan ya fi kukan tayar mini da hankali.

8. Luba matar mahauci ce, ta san kaska kamar yadda ta san barkono, don haka da farko maganar likita ba ta shige ta ba, tunda babu saniya ko akuya a ɗakin. Likitar ta bayyana mata cewa wannan ba irin ta shanu ba ce mai maƙalewa a fata. Wata ce ƙarama mai laushi da ke zaune a ramin ɓera da tsagar bango. Sai mutum ya yi barci take fitowa, ta sha jini na ɗan lokaci ba tare da an ji zafi ba, ta koma raminta. Ranar 16 ga Mayu, bayan sadakar arba'in, aka buɗe wa Luba ɗakin don ta kwashe kayan 'yarta. Ta tafi da ludayi a cikin zane. Ta ɗaga tabarmar, sai ga ramukan ɓera guda uku daidai inda Na'ima take sa ƙugunta. Ta zura ludayin ta kwaso ƙasar ciki, ta ƙulle a ɗankwalin marigayiyar, ta haɗa da sauran kaya ta fito. A gida ta shimfiɗa farin ƙyalle ta tankaɗe ƙasar da rariya kamar garin tuwo. Abin da ya rage a rariyar sai ya fara tafiya. Launinsu na ƙasa ne, bayansu a yamutse, babbarsu ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ta zuba su da ɗan yashi a kwalaben humra guda biyu, na cikin kayan auren Na'ima, ta huda murfin da allura. Ta kai wa likitar ta gani, likitar ta ce su ne.

9. Ranar Talata 28 ga Mayu, 2024, Dakta A'isha Humaira ta zo gidan da kanta, ba don aikinta ya tilasta mata ba, tare da bulama, wato mai unguwa, da ni, da Luba. A zauren Malam Ilyasu ta yi bayani da Larabci, ni na mayar da Hausa, don kada a ce wani harshe ya ɓoye wani abu. Ta nuna masa kwalbar. Ta ce kada a sake kwantar da kowa a ɗakin, balle mai ciki, sai an kashe ɓerayen, an toshe ramuka, an yi feshi, an yi wa daɓe da bango siminti. Ya karɓi kwalbar, ya sa tabarau, ya ɗaga ta a haske ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo ta, ya gode wa likita da ɗawainiya, ya ce siminti na wanda ya iso ne, kuma ƙwaro ba ya cizo sai da izini. Bulama ya yi nasa ƙoƙarin, ya gaji, ya ce wannan maganar gida ce. Limamin unguwa ma da aka kai masa ya ce babu inda addini ya ce a yi haka, amma shi ba shi da dakaru. Ina roƙon mai girma ya riƙe wannan kwanan wata. Duk abin da ya faru kafinsa, mutum zai iya cewa jahilci ne.

10. Ga abin da ya faru bayansa. Malam Ilyasu yana da 'yar auta, Zahra, wadda ya aurar a cikin gida ga ɗan ɗan'uwansa. Bisa al'adar da yake tutiya da ita, ɗakin Kaka ya hau kanta kamar kowa, ya ma fi hawa kanta, tunda jinin tsohon ne gaba da baya. A watan Nuwamba na 2024 cikinta na fari ya shiga wata bakwai. Kwatsam sai aka ji wai wata gwaggonta a unguwar Milezi ba ta da lafiya, tana buƙatar mai jinya. Duk matan gidan nan ba a samu mai jinya ba sai mai tsohon ciki. Luba ta hau mota ta je Milezi dubiya. Ta tarar da gwaggon tana daka sakwara a tsakar gida da ƙarfinta, Zahra kuma tana kan gado a ɗakin siminti, da gidan sauro. A watan Janairu ta haifi 'yarta lafiya lau a asibiti. Allah ya raya. Mai ƙorafi ba ta da komai a zuciya game da Zahra, har turmin atamfa ta kai ranar suna. Amma ranar sunan ne ta tabbatar da abin da take son ta tabbatar. Ya ji likita. Ya yarda da likita. Ya san abin da ke cikin ramin nan, ya tsame tasa, ya bar makulli a aljihu yana jiran ta wani.

11. Yanzu Jannatu ce da ciki, bayan shekara biyu ana yi mata gori. An sa mata rana, Juma'a 24 ga Oktoba. Tun fitar Na'ima ɗakin yake a kulle, ban da ranar kwashe kayanta, ba wanda ya kwana a ciki, kuma likita ta ce wannan ba ya kashe su, yunwa kawai yake ƙara musu. Luba ta je ta durƙusa a zauren nan, mace da furfurarta, a gaban mutumin da ya zagi gawar 'yarta, ta roƙe shi ya ce ita ma Jannatu tana da gwaggo marar lafiya. Ya ce in aka ɗaga wa kowa ƙafa al'ada ta mutu. Ta je wajen Imrana, wanda yaron kirki ne amma a shagon baffansa yake cin abinci. Ya sunkuyar da kai ya ce an gaya masa in matarsa ta fita, to ta fita da takardarta. Ta koma wajen Jannatu ta ce ta taso su tafi, aure ba shi ne numfashi ba. Jannatu ta ƙi. Ba don ta yarda da gaisuwar Kaka ba, ita ce fa ta riƙe kan yayarta tana amai. Cewa ta yi in ta gudu, an tabbatar ke nan cewa 'ya'yan mahauta da zuciya biyu suke, ita kuwa za ta shiga ta fito da goyo don ta wanke sunan Na'ima. Ka ga inda maganar ranar sadakar uku ta kai mu. Ta kashe wa uwa barci, yanzu kuma tana jan ƙanwa zuwa ramin da yaya ta faɗa.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, mai ƙorafi tana roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a turo ma'aikatan sashenka kafin ranar 24 ga wata su buɗe ɗakin, su tona ramukan da hannunsu. Na haɗo da takardar asibiti da ɗaya daga cikin kwalaben. A buɗe ta da hankali. Dakta A'isha Humaira ta ce a shirye take ta ba da shaida.

Na biyu, kada a tsaya ga feshi da siminti. Likita ta ce wannan zai wadatar, ni ma na gaya wa Luba haka. Ta ce likita ciwo take magani, ita kuwa ɗakin take so ta ga sama ta cikinsa. Muddin yana tsaye za a samu wanda zai sake shimfiɗa tabarma. A rushe shi har tushe, a kwashe ƙasar a kai inda ba mutane. Sandar tsohon da salkarsa a miƙa wa iyalinsa da mutunci, shi bai yi mana komai ba.

Na uku, a yi rushewar da rana tsaka, ƙofar gida a buɗe, kuma Malam Ilyasu yana wurin a tsaye, ba a kan buzu ba. A tara matan gidan, tsofaffi da amare, musamman waɗanda suka fito hannu wofi aka bar su shekara da shekaru suna tuhumar zukatansu. A faɗa musu da Hausa da Larabci abin da yake gaishe su. A kuma kira mazan da suka zauna ranar sadakar uku, ina da sunayensu a ka, a sa shi ya faɗa da bakin da ya faɗi waccan cewa Na'ima 'yar Abdulmuhaimin mahauci da zuciya ɗaya ta shiga.

Na huɗu, a ba Luba diga ta yi saran farko. Ta ce ba za ta ɓata wa ma'aikata lokaci ba, sara ɗaya ne, a bangon gabas, wajen da kan 'yarta yake.

Na biyar, a miƙa maganar ga masu shari'a, su duba abin da doka ta tanada ga wanda aka gargaɗa a gaban shaidu, ya kare tasa, ya sa wa ta wani rana.

Na shida, ta nemi kafin a rushe a kulle shi a ciki, a kan tabarmar nan, tsawon abin da yake ɗora wa mata, daga wata bakwai har arba'in, kuma duk lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi a aiko a gaya mata ta zo ta yi masa barka. Na gaya mata babu hukumar da za ta yi haka. Ta ce in rubuta dai, a san ta nema. Ga shi na rubuta, kuma ba zan ɓoye wa mai girma ba, alƙalamina bai yi nauyi ba a wurin.

Saura magana ɗaya, wadda ba ta cikin fassarar Faransanci. Na ce kwalaben biyu ne. Ɗaya ce a gabanka. Ranar da likita take bayani a zaure ta ce irin wannan kaska tana iya shekaru ba ta ci komai ba, da cutar a cikinta, tana jira. Gargaɗi take yi, amma na ga yadda yayata ta saurari wannan jumla. Malam Ilyasu yana da ciwon suga. Kullum bayan azahar yakan kishingiɗa a kan buzunsa a zaure, a kan farin yashin da ake zuba masa, ya yi barci har kiran la'asar. Ta wannan zauren Luba take wucewa duk ranar da ta je duba Jannatu, kuma ba wanda yake binciken abin da tsohuwa ta ƙulle a bakin zane. Na roƙe ta ta ba ni kwalbar. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da mahaifiyarmu da ke kabari. Ta dube ni ta ce ai ita ba ta ce za ta yi komai ba, ajiya kawai take yi, kuma ranar da rufin ɗakin nan ya taɓa ƙasa za ta miƙa ta ga mai girma da hannunta biyu, a kan ɓaraguzan. Da na tambaye ta in ranar Juma'ar ta riga zuwa fa, sai ta ci gaba da tsince barkononta.

Na san yayata tun ina bayanta. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, kuma ba ta taɓa sa abu a ranta ta fasa ba. Ita ta ce in rubuta wannan sakin layin ma, don kada wani ya ce ba a gaya masa ba. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka cece mini mata biyu da diga ɗaya, wadda za a shigar ɗakin da wadda ke riƙe da kwalbar. Kullum da safe bayan ta idar da salla takan ɗauko ta daga ƙarƙashin matashi, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ɗan girgiza. Yau ma ina zaune ta yi. Suna motsi.

Muna jiran umarninka cikin ƙanƙan da kai. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da kujerarka lafiya, ya raya maka naka.

Taka mai biyayya,
Luba Junaidu
(ta dangwala babban yatsanta na dama)

Wanda ya rubuta da yawunta, kuma shaida a kan abin da ya gani,
Shu'aibu Junaidu